Zumunci a Cikin Ambulan: Hunturun Landan da Edinbara

Gajartar yini ce ke fara kama baƙo a Landan cikin watan Disamba, tun kafin sanyi ya gama ratsa ƙashinsa. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas na safe, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk a cunkushe suke cikin awa huɗu: ka idar da wannan, kafin ka gama shan shayi lokacin waccan ya shiga. Ranar 21 ga wata, wadda ke cikin mafi gajarta a shekara, hasken yini bai cika awa takwas ba, shi ɗin ma yawanci gajimare ya tare shi. Mutane na fita aiki da duhu su dawo da duhu, kowa ya dunƙule cikin kwat ya sunkuyar da kai. Babu zaman ƙofar gida, babu majalisa, babu mai tsayar da kai a hanya ya tambayi lafiyar iyali.

Na sauka ne wajen ɗiyar ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, wadda ke zaune da mijinta da 'yarsu a kudu maso gabashin birnin, kusa da Peckham, unguwar da 'yan Najeriya suka yi kaka-gida. A falonta an ja zare daga wannan bango zuwa wancan, an rataya katuna reras a kansa. Kusan kullum da safe sai ka ji murfin ramin wasiƙa na jikin ƙofa ya yi ƙara, wani ambulan ya faɗo kan dardumar ƙofa. Wasu da kan sarki, gidan waya ya kawo. Wasu ba kan sarki, maƙwabta ne suka zura da hannunsu suka wuce.

"Kawu, nan garin wannan ita ce gaisuwa," in ji ta. "A gida ana cewa zumunci a ƙafa yake. Nan sanyi da aiki sun ɗaure ƙafa, shi ne aka zuba shi a ambulan. Sun san mu Musulmi ne, amma ba mai tsallake ƙofarmu. Mu ma muna mayar musu da gaisuwar sabuwar shekara."

Yawancin katunan na kanti ne, masu ƙyalli, irin waɗanda inji ke bugawa dubbai. Ɗaya ne ya fita daban. Takardarsa mai kauri ce, da ɗan kaushi in ka shafa. A kai akwai itatuwa uku masu tsini a kan farin tudu, sama kuma shuɗiya mai dishi-dishi, launin ya fi duhu daga sama yana sirkewa har ya ɓace. Gefe ɗaya ya ɗan lanƙwashe saboda ruwan da ya sha. Tsohuwar da ke zaune a saman bene ce ta zana shi da hannunta, ta rubuta sunan kowa na gidan a ciki, har da nawa, ni da ban daɗe da zuwa ba. Da muka hau yi mata godiya ta gaya mana a ɗakin karatu na unguwa ta koya, bayan ta bar aiki, kuma ranar Asabar akwai zaman masu koyo. Jikata ta kama hannuna ta ce, "Kaka, mu je." Na ce, "To, amarya, in dai ke za ki kai ni."

Ɗakin da ake zaman yana bayan ma'ajiyar littattafai. An haɗa tebura an shimfiɗa musu tsofaffin jaridu. Masu koyon gauraye suke: tsofaffi masu farin gashi, uwaye da 'ya'yansu, wata matashiya mai hijabi, da wani dattijo Bayahude da ya ce kyandirori tara na bikin Hanuka yake son zanawa ya aika wa jikokinsa. Mai koyarwar tsohuwar malamar firamare ce, mai sanyin murya. Ta ajiye wa kowa kayansa, kuma kayan ba su taka kara sun karya ba: ɗan akwatin fentin ruwa mai ƙananan gurabe, buroshi guda mai tsinin baki, kwalaben ruwa biyu, farin faranti na haɗa launi, tsumma, guntun kyandir, da gishiri a murfin kwalba.

Ta fara da takarda. Ta ce a nan ne kaɗai ba a yin rowa. Fenti mai araha zai yi aiki, buroshi mai araha zai yi aiki, amma takardar rubutu ta yau da kullum da ta ji ruwa sai ta yamutse ta yage. Wadda ake so ita ce mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, an yi ta da auduga ko ɓawon itace, an kuma shafe ta da wani sinadari da ke hana ta zuƙe ruwa nan take. Muka ninka ta biyu, muka manne gefunanta huɗu a jikin katako da salatif na takarda. Amfanin salatif ɗin biyu ne: yana hana takardar kumbura, kuma in an ɓare shi sai ya bar farin layi tsaf a kewayen zanen. Kwalba ɗaya ta wanke buroshi ce, ɗayar ta ruwa mai tsabta, ba a haɗa su.

Sai ta faɗi maganar da duk aikin ke rataye a kanta. A fentin ruwa, in ji ta, ba a shafa fari, barinsa ake yi. Farin takardar shi ne dusar ƙanƙararka, shi ne watanka, shi ne haskenka. Launin ba ya rufe takarda ruf, haske na ratsa shi ya bugi farin da ke ƙasa ya dawo wa ido. Don haka tun kafin ka tsoma buroshi sai ka yanke shawarar inda ba za ka taɓa ba. Ana farawa da launi mai haske a tafi zuwa mai duhu, domin mai duhu na iya hawa kan mai haske, amma in duhu ya riga ya zauna, da wuya a ciro haske daga ƙarƙashinsa.

Muka goga kyandir a inda muke son wata ya tsaya, domin ruwa ba ya kama kakin. Sannan muka jiƙa rabin takardar na sama da ruwa zalla, muka dama shuɗi a faranti har ya tsinke kamar ruwan koko, muka ɗiga shi a kan danshin. Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Launin ya kama tafiya da kansa, yana buɗewa yana bin ruwa, yana tsayawa cak a iyakar da takarda ta bushe. Malamar ta ce mu ɗan karkata katakon, sai shuɗin ya gangara ya taru a sama, ƙasa ta yi haske. Ta gargaɗe mu cewa launi na ƙara haske in ya bushe, saboda haka kada wanda ya ji tsoron duhunsa yana jiƙe. Da ƙyallin ruwan ya fara dusashewa, ta ce yanzu ne lokacin gishiri. Muka barbaɗa 'yan ƙwayoyi kaɗan. Kowace ƙwaya ta zuƙe ruwan da ke kewaye da ita, ta ture launin gefe, ta bar wani ɗan farin tauraro mai rassa. Jikata ta kwantar da haɓarta a kan tebur tana kallon nata, ba ta ko ƙifta ido.

Daga nan sai jira. Nan ne mafi wuyar darasin, domin hannu na ƙaiƙayi ya koma ya gyara. Malamar tana zagayawa tana cewa a ajiye buroshi, a bar ruwa ya gama aikinsa. Wanda ya taɓa takarda tana tsakanin jiƙa da bushewa, sai sabon ruwan ya ture tsohon launi ya bar tabo. Wanda kuma ya yi ta cakuɗa launi uku huɗu, sai ya tashi da ruwan laka. Ta koya mana gwada bushewa da bayan yatsa: in takarda na da sanyi, da saura. Da ta bushe muka kakkaɓe gishirin, muka haɗa shuɗi da rawaya muka sami kore, muka ƙara ɗigon ja don ya yi duhu. Da tsinin buroshi aka ja siririn layi a tsaye, sannan aka yi ta dangwala rassa, gajeru a sama, suna faɗi zuwa ƙasa. Na nesa da ruwa-ruwa, na kusa da kauri. A gindin kowane itace aka ja inuwa da shuɗi mai haske ƙwarai, domin inuwar da ke kan dusar ƙanƙara shuɗiya ce. Da wannan inuwar ta sauka, farin da muka bari ya tashi daga takarda kawai ya zama tudu.

A cikin ɗan lokacin da bai kai awa biyu ba, mutanen da wasunsu rabonsu da buroshi tun firamare suka fita da kati a hannu. Babu biyu da suka yi kama. Dattijon nan ya yi harshen kyandirorinsa da rawaya a kan danshi, sai kowanne ya sami da'irar haske. Matashiyar mai hijabi ta zana ganyen holi mai ƙaya da jajayen 'ya'yansa, ta ce na maƙwabciyarta ce da mijinta ya rasu a bana.

Kafin mu tashi na tambayi malamar abin da ke riƙe launin a jikin takarda bayan ruwa ya tafi. Ta ce ƙaro ne. Na sake tambaya don in tabbatar. Ƙaro dai, wanda ake tsaga jikin dakwara a tsinta da rani, wanda almajiri ke jiƙawa ya haɗa da gawayi ya yi tawadar da za ta kama allo. Fentin ruwa garin launi ne da ƙaro da ɗan gilisarin ko zuma don kada ya bushe ya tsattsage. Sudan ce kan gaba a duniya wajen samar da shi, musamman yankin Kordofan, sai ƙasashe irin su Chadi da Najeriya, inda ake samunsa a Borno da Yobe da Jigawa.

Wannan ya sa na nemi shagon L. Cornelissen & Son a titin Great Russell, 'yan taku kaɗan daga babban gidan tarihi na Birtaniya. Tun 1855 gidan ke sana'ar sayar da kayan zane. Da ka shiga sai ka ga durowoyin katako masu lamba sun hau bango, a samansu manyan kwalabe cike da garin launi: shuɗi mai kama ido, jan ƙasa, rawaya, kore iri-iri. Launukan ƙasa-ƙasa da ake kira siyena sun samo sunansu daga birnin Siyena na Italiya. Shuɗin nan mai daraja, a da daga dutsen lazuradi na Badakshan a Afganistan ake niƙo shi, har ya fi ƙarfin talakan mai zane, sai da masana a Faransa suka gano yadda ake haɗa irinsa a shekarun 1820. A wani ɓangare kuma ga ƙaro nan a ƙulle cikin leda, dunƙule-dunƙule masu ruwan zuma, irin wanda na sani tun ina yaro. Na daɗe ina juya shi a hannu. Abin ya yi mini daɗi, ya kuma dame ni: muna fitar da shi ɗanye a buhu, wasu su sarrafa shi su zuba a ƙananan gurabe, yaranmu kuma da yawa su gama firamare ba su taɓa riƙe akwatin fenti ba.

Tafiya kaɗan daga nan zuwa yamma akwai Rathbone Place, inda a 1832 William Winsor, masanin haɗa sinadarai, da Henry Newton, mai zane, suka buɗe shagonsu. Kafin su, William Reeves ya riga ya fito da busasshen dunƙulen fenti da ake gogawa da ruwa, har ya sami lambar yabo a 1781. Winsor da Newton suka ƙara gilisarin a 1835, fentin ya zama mai laushi, da ka taɓa shi da jiƙaƙƙen buroshi sai ya ba da launi. Wannan ne ya fitar da fentin ruwa daga hannun ƙwararru ya sa shi a aljihun matafiya da matan gida da 'yan makaranta.

Shi kuwa katin, asalinsa na neme shi a Kensington ta Kudu, a gidan tarihi na Victoria da Albert, wanda Henry Cole ne shugabansa na farko. Cole na cikin waɗanda suka taya Rowland Hill kawo tsarin aika wasiƙa da kwabo ɗaya a 1840. A 1843 ya sa abokinsa mai zane, John Callcott Horsley, ya tsara masa katin gaisuwar Kirsimeti da sabuwar shekara. Aka buga dubu ɗaya, aka shafa musu launi da hannu, aka sayar da wasu sule ɗai-ɗai, kuɗi mai yawa a wancan zamani. A tsakiyar katin iyali ne, kakanni da iyaye da jikoki a kan tebur, a gefe biyu kuma ana ciyar da mayunwata ana tufatar da marasa sutura. Masu yaƙi da shan giya sun soki katin, saboda an nuna ana kurɓa wa yaro. Abin bai bazu sosai ba sai da bugu mai launi ya yi araha, aka kuma kawo kan sarki na rabin kwabo a 1870. Ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji da ke kan katuna da yawa, wanda ke kuka ko a tsakiyar hunturu, ana danganta shigarsa da jar rigar da masu raba wasiƙu ke sawa a zamanin Sarauniya Victoria, har ake musu laƙabi da sunansa. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tarihin nan shi ne katin farko da UNICEF ta fitar a 1949: zanen wata yarinya ce 'yar shekara bakwai daga Chekoslobakiya, ta yi shi don godiya kan taimakon da aka kai ƙauyensu bayan yaƙi.

Da sabuwar shekara ta kama, mijin ɗiyar ƙanwata ya ce, "Kawu, tunda abin ya shiga ranka, akwai abin da ba a gani sai a watan Janairu." Muka hau jirgin ƙasa a King's Cross muka nufi arewa, tafiyar kusan awa huɗu da rabi. Muka wuce York, muka hango babbar majami'ar Durham a kan tudunta, muka tsallaka kogin Tyne a Newcastle. Bayan nan layin dogo ya riƙa kusantar bakin teku, ruwan toka-toka yana dukan duwatsu. A filayen da raɓa ta daskare na ga abin da malamar ta faɗa da idona: inuwar shinge da ta tumaki a kan farin fili shuɗiya ce.

Edinbara, babban birnin Sikotilan, ya fi Landan duhu da iska. Daga tashar Waverley ƙafa ce ke kai ka gidan zane na ƙasa, a gindin tudun da tsohuwar fadar birnin ke kai. Wani attajiri mai tara zane, Henry Vaughan, wanda ya rasu a 1899, ya bar wa wannan gida zanen fentin ruwa 38 na J. M. W. Turner, ya bar wa na Dublin 31. Ya gindaya sharaɗi: a nuna su kyauta, kuma a watan Janairu kaɗai, lokacin da hasken rana ya fi rauni, domin haske mai ƙarfi na cinye fentin ruwa. Sauran watannin a killace suke cikin duhu. Fiye da shekara ɗari ana kiyaye wannan amana, shi ya sa launukan suke sabbi fil.

Turner ɗan mai aski ne, an haife shi a Landan a 1775, ya rasu a 1851. Na tsaya gaban wani zanensa na dandalin birnin Banis cikin hadari. Takardar ba ta da girma. Sama ta haɗe da shuɗi mai duhu, mutane na gudun ruwa, walƙiya ta keto ta bayan gine-gine. Na matsa kusa har inda aka yarda a tsaya. Walƙiyar nan ba fenti ba ce, kankare launin ya yi har farin takarda ya fito. A wasu zanukan na tsaunukan Suwizalan, ƙanƙarar kan dutse takarda ce da aka bari ba a taɓa ba, hazo kuma launi ne da aka sake a kan danshi. Dabarun da aka koya wa jikata a kan teburin jarida su ne nan a hannun gwani. Tazarar da ke tsakani ta shekaru ce da naci, amma ƙofar shiga ɗaya ce, kuma ba ta da tsada.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin dalilin da ya sa katin tsohuwar nan ya fi sauran nauyi a zuciya. Saƙon waya ana tura shi ga mutum ɗari da dannawa ɗaya, kuma mai karɓa ya san haka. Katin hannu kuwa ba ya yiwuwa sai mutum ya zauna, ya jira sama ta bushe kafin ya dasa itace, yana tuna wanda zai aika wa tun daga ɗigon farko har rubuta suna. Lokacinsa ya yanka ya ba ka, shi ne abin da ya fi ƙaranci a hannun kowa yanzu.

Mu ba baƙin wannan aiki ba ne. Mutanen da ke yi wa allon sauka zayyana da ja da kore da rawaya, suke ƙawata gefen Alƙur'ani rubutun hannu, sun san ƙaro da launi da haƙurin jiran bushewa tun kaka da kakanni. Ba sai mun zana dusar ƙanƙarar da ba mu da ita ba. Hazon hunturunmu da ke mai da rana fara fat, kuka tsaye ba ganye, jinjirin watan Sallah a kan soro, duk abubuwa ne da ruwa da launi biyu uku za su iya ɗauka. Na sayo akwatunan fenti da daurin takarda don makarantar firamaren unguwarmu, na kuma yi magana da malamin da zai zauna da yaran. Fatana kafin Sallah mai zuwa kowane yaro ya zana kati biyu, ɗaya na kakarsa, ɗaya na wani maƙwabci da ba a cika leƙawa ba, in Kirsimeti ta zo kuma a yi wa maƙwabtanmu Kirista nasu. Tunda mu sanyi bai ɗaure mana ƙafa ba, yaron da kansa zai kai, ya durƙusa ya gaishe su, ya miƙa da hannu biyu.